Bindiga Mai Ƙafa Uku a Walia

Jama'a, yau saura kaɗan a kashe min ɗa! Tun shekarar da kogin Shari ya shigo mana gida ban firgita haka ba.

Da asuba masunta suka kama ɗana Isa a unguwar Walia. Ya kafa kyamararsa kan ƙarfe mai ƙafa uku yana ɗaukar taurari, su kuwa wai bindigar harbo jirgi ce! Na iso ba takalmi, na tarar sun ɗaga sanduna sama.

Babbansu ya ce, "Hajja, a buɗe cikinta!"

Isa ya ce, "Inna, haske zai ƙona fim ɗin!"

Na fizge, na buɗe, na zaro musu fim ɗin. Suka watse.

Isa yana kuka, aikin wata uku ya ƙone. Na ce, "Taurari za su fito gobe. Kai ne ba ni da biyu."