Ranar da Na Toshe Kunne a Gaban Surukina

Ko da zan manta ranar ɗaurin aurena, ba na jin zan manta Asabar ɗin da na je Bukuru gaida baffan matata, tun ina neman aurenta. Shekaru sun ja, amma har gobe in na tuna sai na ji haƙorana sun mutu kamar na sha tsamiya.

Ni dai Allah ya yi ni da kunne mai kwashe-kwashe. Ƙarar da wani zai ji ya wuce abinsa, ni sai ta shige ni har ƙashi. Cokali ya karci tukunya, tsigar jikina ta tashi. Maƙwabci ya tayar da janareta, ranar ba ni da sauran amfani. Kuma don a cika mini ladana sai aka haife ni a Anguwan Rogo, inda mai keke napep ke danna hon ko da shi kaɗai ne a kan titi. Ina yaro na sha rubutu, na sha hayaƙi, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce shagwaɓa. Da na girma sai na bar keken ɗinki saboda ƙararsa na koma aikin hula da allura, na riƙa cusa auduga a kunne. Sanyin Jos ya rufa mini asiri, don ba mai tuhumar wanda ya ja hular sanyi har wuya. Ko yarinyar da nake nema ban gaya wa ba. Wa zai ba da 'yarsa ga namijin da cokali ke firgitawa?

Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, baffan ne ya riƙe ta, kuma in ya ce a'a magana ta ƙare. Ya riga ya sallami waɗanda suka zo kafin ni. Yarinyar ta ja mini kunne ta ce, "Baffa ba ya son mai rawar kai. Ka zauna ka natsu. Kuma ka ɗaga murya, injinan haƙar kuza sun cinye masa kunne." Na ce a raina, in dai zama shiru ne ai an zo gidana.

Na sha shadda, na kafa hular da na ɗinka da hannuna. A bakin ƙofa na cire takalmi, na zare audugar na jefa aljihu, kada a ce mai ciwon kunne ya zo neman aure. Na zauna a ƙasa, kai a sunkuye. Bayan gaisuwa tsohon ya ce, "Yaro, ni ba na tambayar mutum halinsa, kowa ya iya ƙarya. Kiɗa nake sa masa in ga irin zamansa." Ya jawo wata rediyo mai kaset, girmanta ya kai akwatin lefe. Ya ce ogansa ne ya bar masa kaset ɗin, wani Baturen injiniya da suka yi aiki tare. "Hebi metal suke ce masa. Samarin yanzu ba su san kiɗa ba." Ya murɗa sautin har ƙarshe.

Da farko jita guda ce ta fara gurnani, kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa. Sai ganga ta faɗo, ba a kunne na ji ta ba, a haƙarƙarina. Sai wata jitar siririya ta tsaga ta sama ta soke ni a bayan ido, mawaƙin kuma ya kurma ihu irin na wanda ƙofar mota ta datse wa yatsa. Kofunan da ke cikin kabad suka ɗauki rawa, ina jin kowanne daban. Hasken ƙwan ɗakin ya yi mini yawa, shaddar jikina ta koma ƙaiƙayi. Abin haushin, kiɗan ba shirme ba ne. Komai yana da wurinsa, har da kyau a ciki, sai dai ni ba ni da ƙofar da zan rufe in bar wani abu a waje.

Ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar. Kuma aka amsa mini nan take, ɗif! Ina cikin hamdala tsohon ya ce, "Kada ka damu, ɗana, akwai batir." Ya mayar da kaset ɗin tun daga farko, wai don kada in rasa daɗin.

A zagaye na biyu ne na karye. Na sa hannu biyu na toshe kunnuwana, na cusa kai tsakanin gwiwoyi, hawaye na zuba, a gaban mutumin da ko ido bai kamata in haɗa da shi ba. Ya kashe rediyon. Na ce shi ke nan, na bi sahun na baya.

"Kiɗan nawa ne ba ka so?"

Ba ni da sauran ƙarfin yin ƙarya. Na ce, "Baba, lalura ce da ni. Ƙara tana yi mini ciwo." Ya ce, "Me?" Asirin da na ɓoye tun tasowata, sai da na kwarmata shi da iyakar muryata, har yarinyar da ke laɓe bayan labule ta ji, maƙwabta ma na tabbata sun ƙaru.

Sai ya ce in faɗa masa abin da na ji a kiɗan. Na lissafa masa: mai gurnani, ganga, numfashin da mawaƙin ke ja kafin ihu, da siririyar nan mai kuka. Ya matso har gwiwarsa ta taɓa tawa. "Mai kukan nan, har yanzu tana ciki?" Na ce tana nan, Baba. Ya daɗe yana kallon rediyon. "Ni na ɗauka kaset ɗin ne ya tsufa. Gangar kawai ta rage mini, ita ma a ƙirji nake jin ta." Ya share ido da bakin riga. Wallahi tausayinsa ya mantar da ni nawa ciwon.

Sai ya gyara murya ya ce, "Turo magabatanka. Amma duk Asabar za ka zo ka ji mini."

Haka kuwa aka yi har ya koma ga Mahaliccinsa. Shi yana ɗaki da rediyonsa, ni ina can ƙofar gida a kan benci, in an gama in shigo in ba shi labarin inda mai kukan ta hau da inda ta sauka. Na koyi cewa abin da kake ɓoyewa don kunya, wataƙila shi wani ya rasa yake kuka a kai. Sai dai in za ka fito da shi ka shirya, domin aiki za a ba shi. Yau Asabar ɗina tawa ce, shiru har ya ishe ni, kuma ban taɓa zaton shiru ma yana ciwo ba.