Golan da Aka Ba da Aro

Ba wanda ya taɓa cewa Baba Burki mutum ne mai daɗin zama, shi ma bai taɓa neman a ce ba. Shi ne direban bas ɗin ƙungiyar ƙwallon garin, masu jar riga, tun ƙungiyar tana rukuni na uku, tana wasa a filin da ko katanga ba shi da ita. 'Yan wasa ne suka laƙaba masa sunan. Duk wanda ya dame shi da surutu a bayan mota ba ya tanka masa da baki, sai dai ya taka burki, goshin mutum ya gaisa da kujerar gaba, magana ta ƙare. Ya yi faɗa da kusan kowane koci da aka taɓa kawowa, kuma a kan idonsa aka kore su duka. Ya yi da mai wankin riguna, ya yi da mai yanke ciyawa. Makanikin da ya taɓa ce masa motar ta tsufa kuwa, har yau ba sa ga maciji.

Ƙungiyar ba ta masu kuɗi ba ce. Hanyar cin abincinta ɗaya ce: a kwaso yara daga unguwanni, a sa su a makarantar horo, a ciyar da su, a koya musu, wanda ya yi fice a sayar da shi ga manyan ƙungiyoyi. Da wannan ake biyan albashi, da shi ake gyara fitilun fili. Baba Burki yana kiran abin kiwon kaji, kuma a gaban Ciyaman ɗin ƙungiyar yake faɗa. Shi ke ɗauko yaran ranar da suka zo da takalmi a leda, shi ke kai su tasha ranar da aka sayar da su. Waɗanda ba su sayu ba, su ne mafi yawa, ba a ma ba shi wahalar kai su, da ƙafarsu suke fita ta ƙaramar ƙofa.

Da haka dai aka lallaɓa har aka hau rukuni na ɗaya. A nan ne kuɗin masu nuna wasa a talabijin ya fara shigowa, aka sayi babbar bas mai sanyi, aka damƙa masa makulli. Mutumin da bai iya yi wa ɗan'adam magana mai laushi ba, sai ga shi da sassafe yana goge madubi yana yi wa mota hira.

Ɗansa ɗaya namiji, kuma a cikin tsohuwar motar ƙungiyar ya yi wayo. Da ya isa shiga makarantar horo sai aka ga yana da tsawo da manyan hannuwa, aka tura shi raga. Ƙwallo in ta zo hannunsa ba ta fita, shi ya sa yara suka sa masa Danƙo. Uban bai taɓa ce masa ya yi ƙoƙari ba. In yaron ya tare goma aka ci shi ɗaya, zancen ɗayar za a yi a gida har a gama cin abinci. A ransa yana alfahari da shi ƙwarai, amma yana ganin faɗin haka zai lalata yaro.

Sai aka kawo sabon Koci, wani mai yawan turare da nuna mutane da yatsa, ya zo da golansa. A tafiyarsu ta farko ya ce wa Baba Burki ya rage sanyin mota da wata irin murya, Baba Burki ya yi masa abin da ya saba. Koci bai iya korar direba ba, sai ya huce a kan ɗan direba. Ya ce yaron ba ya iya kama ko kazar da aka ɗaure, a ba da shi aro. Aka tura Danƙo wurin masu shuɗiyar riga, wata ƙungiya a garin da ke maƙwabtaka da su, ya yi musu kakar wasa ɗaya.

A ƙa'ida, in ka ba da ɗan wasa aro kana sa sharaɗin ba zai buga wasa da kai ba. Ba su sa ba. Koci ya ce ɓata lokaci ne, wa zai sa wannan a raga? To, masu shuɗi sun sa shi, kuma bai sake komawa benci ba. Kafin kaka ta yi nisa har sun fara maganar sayensa gaba ɗaya.

Masu ja kuwa kakar ta zo musu a karkace. Golan Koci ya zama rariya. Aka zo wasan ƙarshe suna gab da faɗawa rukuni na biyu, ba abin da zai cece su sai nasara. Kuma da masu shuɗi za su kara, a gida, su kuma canjaras kawai suke nema su sami gurbin wata gasa da ba su taɓa zuwa ba.

A makon nan Baba Burki ya ga abin da bai taɓa gani ba. Mai yanke ciyawa ya gaishe shi har da rusunawa. Mai wanki ta tambaye shi lafiyar iyali. Ya san ba sonsa suka fara yi ba, abin ya ƙara ƙona masa rai. Ana nan Ciyaman ya aika a kira shi ofis, ya nuna masa kujera, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, yaushe rabonka da yaron nan?"

"Wane yaro? Wanda ba ya kama kaza?"

"Bar wannan maganar. Ni ban ce ka ce masa komai ba. Uba ne kai, ka je ka ga ɗanka."

"Ka aiki Kocinka mana. Ai shi ya san darajarsa."

Ciyaman ya jingina da kujera, fara'ar ta ɗauke. "In muka faɗi, kuɗin talabijin ya tafi. Rukuni na biyu wasannin kusa ne, motar haya ta ishe mu. Bas ɗin nan ita zan fara sayarwa. Da ana sayen direba da na haɗa da kai, amma ka fi kowa sanin ba mai ɗauka."

Baba Burki ya fita bai rufe masa ƙofa ba. Sai dai maganar ta bi shi har gida, don gaskiya ce. Ya tsufa, kuma ba tasha ko gareji a garin da bai bar abokin gaba ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai saba da shi ba. Ya rasa yadda safiya za ta kasance in ba motar da zai je ya tayar.

Matarsa tana kan keken ɗinki ta ga yana neman hularsa, ta tsayar da ƙafa.

"Malam, kada ka je."

"Wa ya ce miki wani wuri za ni?"

"Tunda yaron nan ya tafi ko sau ɗaya ba ka je kallonsa ba. In ka je yau, ko ruwan sha ka roƙa ya san abin da ya kawo ka."

"Yanzu ɗana ma sai na nemi izini in gan shi?"

"Ka bar shi ya yi aikinsa. In sun sayar da motar ba za mu mutu ba."

"Ke ba za ki mutu ba," ya ce, ya sa kai ya fita.

Ya tarar masu shuɗi sun gama atisayen safe. Danƙo yana zaune a benci a bakin fili yana kwance filastar da ya naɗe yatsunsa da ita. Da ya hango uban sai ya miƙe da sauri.

"Baba, lafiya? Ko Mama ce?"

"Lafiyarta lau."

Ya zauna. Ya kushe ciyawar filin, ya kushe takalmin yaron, ya ce ya rame. Danƙo yana ta cewa to. Can sai Baba Burki ya dubi ƙasa.

"Motar za su sayar."

"To me kake so in yi?"

"Na ce ka yi wani abu ne?"

"Da ka faɗa da ya fi mini. Sai in ce maka a'a, kowa ya san inda ya tsaya."

"Ni kake gaya wa haka?"

"Baba, dubi rigar da ke jikinka."

Sai a lokacin ya lura. Jar rigar ƙungiya ce, mai tambari a ƙirji, wadda yake sawa kullum har ya manta riga ce. A ƙofar ɗakin canja kaya kyaftin ɗin masu shuɗi da mai horar da gololinsu suna tsaye suna kallonsu. Ya tashi ya tafi ba sallama.

Ranar wasa fili ya cika har kan katanga. Baba Burki yana tsaye a inda ya saba, kusa da hanyar da 'yan wasa ke fitowa. Masu ja suka yi ta kai hari kamar za su ci mutum, Danƙo yana tarewa. Ya tare ta sama, ya tare ta ƙasa, ya fita ya ɗauke ƙwallo daga ƙafar ɗan wasan gaba. Magoya baya suka juya kan uban. Wani ya jefo masa robar ruwa, wani ya ce a gidansu suka goyi maciji. Ya juya ya rama zagin ɗaya bayan ɗaya, kuma a ransa daɗi yake ji, don ɗansa ne ke hana garin nan duka numfashi.

Ana gab da tashi, wani ɗan bayan masu ja da ya rasa wanda zai ba ya buga ƙwallo daga nesa. Bugu ne marar ƙarfi, irin wanda yaran makarantar horo ke kamawa suna hira. Danƙo ya durƙusa, ya sa hannu biyu. Ƙwallon ta bi ta tsakaninsu, ta gangara a hankali ta shiga raga.

Filin ya kece da ihu. Mutanen da suka gama zaginsa suka yo kansa, suna rungumarsa, suna neman ɗaga shi sama. Mai yanke ciyawa ya raɗa masa a kunne cewa ɗansa ya haifu. Baba Burki ya kai masa gwiwar hannu a ƙirji, ya ƙwace, ya shige bas ya kulle ƙofa.

Masu ja suka tsira. Masu shuɗi ba su zargi kowa a fili ba, sun dai ce sun fasa sayen, suka maido da yaron. Koci ya ce ba ya buƙatarsa, wai golan da ya buɗe musu ƙofa yau gobe wani zai buɗe wa. Ciyaman ya yi ta buga waya yana neman mai saye, amma labarin jar riga a filin masu shuɗi ya riga shi isa ko'ina. Da ya ga kazar ba za ta sayu ba, sai ya sallame shi. Baba Burki ya je ofis ya zazzage musu duk abin da ke cikinsa, suka bar shi ya gama, sannan aka tuna masa akwai tafiyar wasan share fage, ya duba tayoyi.

Danƙo ya yi makonni a gida ba ya fita, don in ya fita mutane tafa masa suke yi, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo. Shi da uban ba mai ce wa wani uffan. Daga baya wata ƙaramar ƙungiya a rukuni na uku, can nesa, ta ce ya zo gwaji. Da hantsi yana haɗa jaka a tsakar gida, uwar ta shige ɗaki don kada ta yi kuka a gabansa, Baba Burki ya zo ya tsaya a kansa. Wata tambaya game da ƙwallon nan ta daɗe tana cinsa, kuma ko wace amsa aka ba shi zai ɗauka. In yaron ya ce da gangan ne, zai san laifinsa ne ya ɗauki kayansa. In ya ce kuskure ne, zai sami barci.

"Kai ka sake ta?"

Danƙo ya ci gaba da cusa safar hannunsa a jaka.

"Da kai nake. Kai ka sake ta, ko kuɓuce maka ta yi?"

Yaron ya ja zif, ya miƙe. Ya fi uban tsawo sosai, kuma ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Kullum sai na sake kallonta a kaina. Na durƙusa yadda na saba, na sa hannu yadda na saba. Irin ta takan kuɓuce wa kowa. Amma tana tahowa kai nake tunani." Ya rataya jakar. "Ban sani ba, Baba. Da ba ka zo ba, da na sani."

Baba Burki ya ce bari ya kai shi tasha. Yaron ya ce a'a, zai taka.