Ƙofar Gabas a Ɗakin Inna

Shekarar da sabulu da madara suka koma sai an bi layi, maigidana ya ce a fasa tagar ɗakin uwarsa a mai da ita ƙofa. Duk gidanmu na Boɗinga ɗakin Inna kaɗai ke kallon hanya. Ni ba na fita, ga shi ina ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Dabarar ita ce Inna ta zauna bakin ƙofa ta sayar mini.

Inna ta ce, "Ku fasa. In ɗakin ga ya faɗi, bisa gadonku zan koma kwana."

Da wasa ta faɗa, amma ni ban ji wasa ba. Ɗakin ƙasa ne, mijinta ya gina mata, kuma a shekarar nan ko azara ɗaya wuyar saye take mana.

Mai unguwa ya zo ya tsaya a hanya, ya ga ƙofar ba za ta leƙa zauren maƙwabci ba, ya ce to. Magini kuma, wani ɗan Dingyaɗi, ya tokare rufin da gwafa kafin ya taɓa bango, ya gitta sabuwar azara a sama. Sai da aka fasa har ƙasa ya tsaya yana kallon rana, sannan ya dubi maigidana.

"Malam, gabas fa taka kallo. Kuma hanya ta ɗara ɗakin tudu."

Rani ne, duk mun manta ta inda ruwa ke bugowa. Ruwa kuwa in ya kwanta a gindin ginin ƙasa, magana ta ƙare. Sai magini ya ɗaga dokin ƙofa ya kusa gwiwa, ya shafe shi da ɗan simintin da ƙanen maigida ya samo a Shagari. Kullum Inna ta zo ƙetarawa sai ta ce, "Ɗiyata, wagga ƙofa ce ko katanga?"

Ruwan farko da la'asar ya sauko, da iska. Hanya ta koma rafi. Na tsuguna ina kallon ruwa yana hawa jikin simintin nan, bakina sai salati. Ya hau, ya hau, ya tsaya, sannan ya fara ja baya. Na bi gindin bango da tafin hannu, lungu-lungu. A bushe.

Nan na zauna daɓas a ƙasa. Inna na kan gado tana jan carbi.

"Tashi ki ɗora sanwa, 'yar nan. Ɗaki na nan."