Ɗan Farina Ya Riƙe Kambu, Ni Kuwa Na Kasa Ce Masa Ya Bari

Lokacin da wannan abu ya same ni, ni mai tuwo-tuwo ce a kusa da mayanka a nan Agege, mijina ya riga ya rasu, yara kuma sun tasa. Tun ina amarya jirgin ƙasa ya sauke ni a tashar Iddo ta Legas, ban sake zama a Arewa ba sai dai ziyara. Ban yi boko ba, wannan ma 'yata ce ke rubutawa ina faɗa mata, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. A unguwa an san ni da zafi da sa ido, mutum in ya zo cin tuwo da damuwa, daga zamansa nake ganewa. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce ban lura ba. Na lura da komai, shi ya sa har yau kaina ke ɗaure.

Ɗan farina namiji ne. Yadda na taso na gani a gidanmu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Matan Yarabawan da muke haya tare suna ta mamaki, suna cewa ko ba ni na haife shi ba. Ban kula su ba. In ina da magana, ƙanin mijina nake gaya wa, baffan yaran, shi ya isar. Abin da ke tsakanina da yaron nan kai tsaye shi ne kwanon abincinsa. Ni nake zuba masa da hannuna, bai kuma taɓa cin na waje ba.

Ubansa mahauci ne, ya yi dambe da ƙuruciya, shi kuwa sai ya faɗa damben zamani, na safar hannu. Abin da ban taɓa ganewa ba shi ne sikeli. A damben da na sani, ƙato da siriri sukan kara, ba mai auna kowa. Su kuwa kafin wasa sai a auna mutum kamar naman sayarwa. Don kada ya wuce awo, sai ya daina ci, ya sa rigar leda yana gudu cikin rana, ya dawo mini da kwano a rufe yadda na ba shi. Ɗan mai tuwo, wuya duk ƙashi. Nakan yi faɗana da tukwane, na san yana ji.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, kocinsa ya zo, wani dattijon Bayarabe mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa. Da 'yar Hausarsa da baffa na taimaka masa, ya ce yaron ya gaji da yunwa, suna so ya hau ajin masu nauyi na gaba, kuma yaron ya ce ba zai hau ba sai da yardata. Cikin duk bayanin nan abu ɗaya na kama, wai yanzu zai ci ya ƙoshi. Na ce Allah ya sa albarka. Ban tambayi su wa za su riƙa dukansa ba.

Ya ci kuwa, ya yi jiki, ya kuma ci kambun ƙasa a sabon ajin. A ranar, 'yan okada masu babur suka cika layinmu da ham, mahauta suka ɗaga shi sama, baffa ya zama baffan zakara, ko'ina ya zauna sai a kawo masa goro. Ni na shige ɗaki na rufe ƙofa kamar ba nawa ba. Sau da yawa bayan nan an zo ƙwace kambun bai faɗi ba. Amma ina leƙen talabijin ɗin maƙwabta, na ga abin da ba wanda ya faɗa. Waɗancan mazan da yake karawa da su, da girmansu aka haife su, ƙashi ne da kafaɗa, shi kuwa tuwona ne a jikinsa. In ya naushe su sai su girgiza kai su matso, in sun naushe shi sai na ga gwiwarsa ta yi laushi.

Daga nan na fara ganin wasu abubuwa a gida. Ina kallonsa ta taga yana sallar la'asar, ya miƙe ya ƙara raka'a, ya zauna, ya sake miƙewa. Kofi ya fara rawa a hannunsa. Wata rana motar haya, danfo, ta wuce da shi tasharmu, inda aka haife shi, sai wani mahauci ne ya gan shi tsaye yana waige-waige ya rako shi. Na kira baffa na zayyana masa, na ce ya gaya masa ya ajiye damben nan. Ya yi dariya ya ce gajiya ce, mata ba su san sha'anin maza ba. Daga baya na ji saƙon da ya kai, wai Innarka ta ce ka riƙa samun hutu.

Sai na yi dabarar da na ga ita ce a hannuna. Na ce tunda sikeli ne ya kai shi cikin ƙarti, sikeli zai dawo da shi cikin tsararrakinsa. Na fara rage masa tuwo, na janye nama, na tsinka miya. Ya cinye abin da ya samu, ya wanke hannu, ya tafi atisaye. Yana ramewa ina murna a zuci.

Ana gab da wani babban wasa kocin ya dawo, hankalinsa a tashe, yana tambaya ko yaron ba shi da lafiya ne. Na ce ai gara ya rame su mayar da shi ajinsa na da. Ya ce Mama, sikeli wanda ya wuce awo kawai yake korewa, wanda ya gaza ba ruwansa, haka zai shiga da ramarsa, abokin karawar kuma ya fi duk na baya ƙarfi. Na rasa inda zan sa kaina. Na cika kwano da nama na nufi ƙofar ɗakin yaron da niyyar yau zan ce masa ya bari da bakina. Ya ɗaga labule ya rusuna. Na dube shi, abin da ya fito daga bakina shi ne, “Ka ci da zafinsa.” Ya ce, “To, Inna.”

Ya yi wasan har turmin ƙarshe bai faɗi ba, alƙalai suka ba shi. Kambu ya dawo gida, aka sake cika layi. Washegari da hantsi ya fito tsakar gida, fuska a kumbure, ya tambayi ƙanwarsa yaushe ne wasan, kada ya makara. A asibiti likita ya ce ƙwaƙwalwa ta sha duka, ya bar dambe har abada. Na tsare likitan na tambaye shi ko ramar ce ta jawo. Ya ce ba mai iya sanin wane naushi ne, mai yiwuwa tun kafin nan ne, mai yiwuwa na ranar ne. Aka mayar wa masu shirya damben da kambunsu ba tare da kowa ya doke shi ba, mutane kuma har yanzu wannan suke yabo.

Yanzu a rumfata yake wuni, wata rana garau, wata rana sai a hankali. Kunyar ma ta tafi, tunda ni ke yi masa komai. Ranar da na ga ya warware na tambaye shi me ya sa bai yi magana ba da na rage masa abinci. Ya ce, “Na ɗauka fushi kike da ni, Inna. Na yi ta neman laifina ban gano ba.” Na ce da na ce ka bari fa? Ya ce da ya bari a ranar. Bayan kwana biyu na sake tambaya, ya yi dariya ya ce ba mahalukin da ya isa ya hana shi. Ban san wacce ce gaskiya ba, shi ma ban tabbata ya sani ba.

Ba na zagin al'adarmu, da ita iyayena suka rene ni, ban kuma ce maganata za ta cece shi ba. Amma iyaye mata, in kun ga ɗanku yana lalacewa, kada ku aika, kada ku yi dabara a kan sana'ar da ba ku san dokarta ba. Ku tambayi masu ita, ku shiga ɗakin ku zauna ku faɗa masa da baki tun yana iya riƙe magana. In ya ƙi, kun dai san ya ƙi. Ni ko wannan ban samu ba.