Ni Aikenta Kawai Na Yi

Da can ni mai tuwo ce a tashar Gure. Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma mutum na doso rumfata na san abin da ke cikinsa. Da wannan idon na gane direban da zan ba ku labarinsa, na kuma yi shiru.

Falmata bazawara ce daga Bune, tana yi mini wanke-wanke. A sana'armu ana kai wa mutum tuwo ɗakinsa, in ya gama a koma ɗauko kwano. Wani direban kamiyo, motar ɗaukar kaya, babban mai cinikina, ya fara cewa, "Iya, Falmata za ki turo, sauran ba su da tsabta." Yau ya ajiye mini goro, gobe turmin atamfa. Na karɓa.

Ran nan Falmata ta ce, "Iya, kallon mutumin nan bai yi mini ba."

Na ce, "Kallo na cin mutum ne? Wuce ki ɗauko mini kwanona."

Da ta je, direban ya rufe ƙofa ya yi mata fyaɗe. Gaban jandarma ya ce da sanina. Bai yi ƙarya ba. Aka kai mu kaso, wato kurkuku, ni da shi.

A can ma tuƙin tuwo aka sa ni, don haka na ji bakin mazan da irin wannan laifi ya kawo. Wannan ya ce Shaiɗan ne. Wancan ya ce asiri aka yi masa. Wani dattijo da tazbaha a hannu ya ce, "Ita ta kawo kanta." Direban kuwa cewa ya yi, "Bazawara ce fa, Iya, me na rage mata?" Ban ji ko ɗaya ya ce shi ya so, ya yi ba.

Ina ta tsaki, sai wata 'yar kaso ta ce, "Ke Iya, me ya kawo ki?"

Na ce, "Ni aikenta kawai na yi."

Ta kwashe da dariya. "Ashe ke ma kin iya waƙarsu."

Da aka sake ni na tafi Bune neman gafara. Falmata ba ta fito ba. Uwarta ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ta gaya miki tana tsoro ko ba ta gaya miki ba?" Na ce ta gaya mini. Ta saki labule. Na tuba ga Allah, amma hakkin Falmata yana wuyana.

'Ya'yana, namijin da ya zaɓi wadda za a aika masa, ku sa masa ido. Babbar da ta aike ku ranku bai kwanta ba, ku ƙi zuwa, ko da uwar ɗakinku ce. Kwano ya kwana can.