Agogon Baba a hannun Inna

Shekarun baya na sayo wa mahaifina agogon nan mai auna numfashi da bugun zuciya idan mutum na barci. Shi yana Djougou, ni ina Parakou, sakamakon kuma a wayata yake fitowa. Dillalin shanu ne, ga ƙiba ga minshari, ni kuwa Allah ya yi ni da zullumi.

Ai kuwa na jawo wa kaina. Kullum kafin in yi alwalar asuba sai na duba waya, kullum kuma magana ɗaya: numfashi na tsayawa cikin barci, zuciya na tsalle. A shagona na unguwar Guéma har yadi nake yanka wa mutane ba daidai ba. In na kira Baba sai ya ce, "Ça va, lafiyata ƙalau, kai dai ka cika tsoro."

Ranar da abin ya yi muni na rufe shago na hau taksi zuwa Djougou. Duk hanya direba na tsayawa ɗaukar buhunan doya, ni kamar in shaƙe shi.

Na tarar da Baba a ƙofar gida yana cin gasasshen nama, babu agogo a hannunsa.

"Baba, ina agogon?"

"Ƙaiƙayi yake sa ni. Tun satin farko na cire. Uwarka ce ta ce kada ka ga an ƙi kyautarka, ita ke ɗaurawa in za ta kwanta."

Ashe duk numfashin da nake gani yana tsayawa na Inna ne. Ni ne ɗan fari, kunyata take ji, ko sunana ba ta faɗa, balle ta ce mini wani wuri na mata ciwo. Na shiga na durƙusa, na ce ta shirya mu tafi asibiti. Ba ta dube ni ba, sai ta ce wa ƙanwata da ke gefenta, "Gaya wa wancan gajiya ce kawai."

Ba gajiya ba ce. Likita a Parakou ya ce zuciyar ta daɗe tana wahala, amma an zo da wuri. Tana shan magani, tana nan da ranta.

Har yau abin yana raina. Da agogon bai yi wa Baba ƙaiƙayi ba, da Inna ta tafi da ciwonta ba ta gaya wa kowa ba.