Fatata Ce Ko Taka?

Ina zaune kan benci a ɗakin gwajin wani asibiti a Makarfi, ina kallonta. Doguwa ce, za ta kai shekara hamsin, yatsunta duk tabon fallatsin mai. Raina ya ba ni mai ƙosai ce. Ƙuraje sun feso mata tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, amma ta naɗe hijabinta bisa kafaɗa, mai kallo ya kalla.

An yanki ɗan fatarta an kai Zariya, yau ga shi ya dawo manne a jikin gilashi. Likita ya gama dubawa, zai yi mata bayani.

"Matsa in gani," in ji ta.

"Inna, ba a ba marasa lafiya su leƙa."

"Fatata ce ko taka?"

Sai ya matsa. Ta runtse ido ɗaya tana leƙa madubin likita kamar mai neman tsakuwa a cikin wake.

"Kin ga jajayen ɗigon nan da suka yi cincirindo kewaye da hanyar jini?" in ji shi. "Haka muke gani idan jiki ya ƙi wani magani. Ƙwayoyin da kika sha ne. Ba a ɗauka."

Ina jin masu saye sun daɗe suna ƙaurace wa kaskonta suna raɗa.

"Rubuta min da Hausa, da manyan baƙaƙe," ta ce. "A jikin kwanon ƙosai zan manna. Wanda ya ce kuturta ce, ya zo ya karanta min da bakinsa."